Datata na ƙarewa cikin kwana goma, samari kuma sun cika gindin katanga: yaya zan kulle Wi-Fi ɗina?

Tambaya daga wata baiwar Allah a Aboabo, Kumasi: "Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kayan masarufi a ƙofar gidanmu, ina kuma yin MoMo (tura kuɗi da cirewa ta waya) a gefe. Na sayi rauta mai sim saboda yara da harkar shago. Datar da take kai mu wata guda yanzu ba ta wuce kwana goma. Da daddare samari na taruwa kan benci a jikin katangarmu, kowa ya sunkuya kan wayarsa. Na sa ɗana ya canja kalmar sirri, bayan kwana biyu suka dawo. Wani kuma ya ce mini duk wanda ya shiga Wi-Fi ɗina zai iya karanta WhatsApp ɗina, har ya kwashe kuɗin MoMo. Gaskiya ne? Yaya zan yi in rufe?"

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Tambayarki guda biyu ce a haɗe: wa ke shan datarki, sannan wanda ya shigo me zai iya gani ko ya ɗauka. Maganinsu ba ɗaya ba ne, shi ya sa zan raba su. Amma abin da ya fi ja hankalina a bayaninki shi ne kwana biyun nan. Idan an canja kalmar sirri kuma mutane suka dawo cikin kwana biyu, a mafi yawan gidajen da ake kiran masu aikinmu ba fasa ta ake yi ba. Daga cikin gida take fita.

A fara tabbatarwa

Zaman samari a kan benci ba hujja ba ce, kuma zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Rautar da kanta za ta gaya miki waɗanda ke ciki. Ki juya ta, a ƙasa ko a baya akwai takarda manne mai ɗauke da adireshin shafin sarrafa ta, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ko 192.168.8.1 idan ta Huawei ce, tare da suna da kalmar shiga. Ki haɗa wayarki da Wi-Fi ɗin, ki rubuta wannan adireshi a burauza, ki shiga, ki nemo inda aka jera na'urorin da ke haɗe. Wasu rautoci suna rubuta Connected Devices, wasu Client List, wasu Device Management. Ki yi wannan da misalin ƙarfe goma na dare, lokacin da bencin ya cika.

Kafin nan ki ƙirga na gida: wayarki, ta shago, na yara, talabijin idan tana hawa intanet, kwamfuta, kyamarar tsaro. Idan kun kai bakwai amma jerin ya nuna goma sha biyar, magana ta ƙare. Idan akwai sunayen da ba ki gane ba, ki sa kowa a gida ya kashe Wi-Fi na wayarsa ɗaya bayan ɗaya kina sabunta shafin. Wanda ya rage bayan kowa ya kashe, ban da wayarki da sauran na'urorin gida da kika ƙirga, baƙo ne.

Yana yiwuwa kuma jerin ya fito daidai, ɓarawon datar yana falo. Bidiyo mai kyawun hoto na iya cinye gigabait ɗaya ko fiye a awa guda. Talabijin da aka bar wa yara YouTube tun dawowa daga makarantar allo har isha, da wayoyi huɗu da ke sabunta manhajoji suna kuma tura hotuna ma'ajiyar Google duk lokacin da suka ji Wi-Fi, sun isa su gama da datar wata cikin kwana goma ba tare da sa hannun kowa ba.

Ta ina kalmar ke fita

Hanya ta farko, kuma wadda ta fi kowace yawa, ita ce wayar da take ciki. Tun daga Android 10, wadda ta fito a 2019, duk wayar da ke haɗe da Wi-Fi tana iya nuna ɗan murabba'in nan na QR a saitunanta, wani ya haska shi da kyamara ya shige, a wasu wayoyin ma kalmar na fitowa a rubuce a ƙasansa. Abokin ɗanki ya ce "ara mini wayarka in kira Mama", sakan goma ya ishe shi. Ya ɗauki hoton murabba'in, ya tura a zauren WhatsApp na abokai, kafin magariba layin gaba ɗaya ya samu. iPhone ma tana miƙa kalmar ga wata iPhone da ke kusa da taɓawa ɗaya. Akwai kuma manhajojin da ke alƙawarin Wi-Fi kyauta, waɗanda aikinsu shi ne su kwashi kalmomin da ke ajiye a wayar wanda ya sauke su, su zuba a rumbun da kowa ke ɗiba. Yaro ɗaya a gidan ya sauke irin wannan, kalmarki ta zama ta gari.

Hanya ta biyu ita ce WPS. An ƙirƙiro shi don sauƙaƙa haɗa na'ura ba tare da rubuta kalma ba, ko dai ta danna maɓalli a jikin rautar ko ta lamba mai alƙaluma takwas. Idan aka danna maɓallin, ƙofa na buɗewa na minti biyu ga duk wanda ke kusa. Rautar da ke zaune kan kantar shago kusa da kwalin madara, mai saye zai iya danna ta kina juya baya neman canji. Ita kuwa lambar, a ƙarshen 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa rautar na duba rabinta na farko daban, na biyu daban, alƙalami na ƙarshe kuma na tantancewa ne kawai. Maimakon gwaji miliyoyi, gwaji 11,000 ya wadatar. Mafi muni, wanda ya samu wannan lamba rautar za ta miƙa masa kalmar sirri duk lokacin da ya tambaya, ko sau nawa aka canja ta. Sababbin rautoci na kulle kansu bayan an yi kuskure 'yan lokuta, amma tsofaffin da ake saye na hannu da yawa ba sa yi.

Ta uku ita ce canka. Lambar waya ita ce kalmar sirrin da ta fi yawa a shagunanmu, ga ta kuma rubuce ɓaro-ɓaro a allon MoMo da ke ƙofar shago. Ko ba ita aka sa ba, lambar Ghana alƙaluma goma ce, ukun farko sanannu ne, 024, 054, 055, 020, 050, 027 da 'yan uwansu. Saura bakwai, wato miliyan goma ga kowane mafari. Wanda ya san aikin yana kama 'yar gaisuwar da waya ke yi da rauta lokacin haɗuwa, ya tafi da ita gida, kwamfuta mai ƙarfin katin hoto ta riƙa gwada dubban ɗaruruwa a kowane sakan. Cikin mintoci ta zagaye lambobin gaba ɗaya, rautarki kuma ba za ta san ana yi ba, don ba a kanta ake gwajin ba. Haka sunan yaro da shekarar haihuwarsa, ko bismillah786, ko Kotoko1935. Duk wanda ya taɓa zama a Kumasi zai fara da waɗannan.

Gyaran, bi da bi

Ki ware rabin awa da rana, lokacin da wuta ke tsaye. Tun da ba a san abin da aka taɓa a ciki ba, a mayar da rautar yadda ta fito daga kamfani: akwai ɗan rami a baya da aka rubuta Reset, a danna shi da tsinke na kimanin sakan goma har fitilun su ɗauke su dawo. A rauta mai sim irin taki intanet yakan dawo da kansa. Masu layin waya na faiba da kamfani ya zo ya kafa musu kada su yi haka sai sun tuntuɓi kamfanin, don saitin shiga layin na iya gogewa.

Abu na farko bayan ta tashi shi ne kalmar shafin sarrafawa, wadda daban take da ta Wi-Fi, kuma ita ce kusan kowa ke mantawa. Rautoci da yawa na zuwa da admin a matsayin suna da kalma duka biyun. Wanda ya taɓa shiga Wi-Fi ɗinki sau ɗaya zai iya buɗe wannan shafi ya cire kansa daga jerin waɗanda aka toshe, ya kunna WPS, ya buɗe wa kansa wata ƙofa ta gefe. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci a duniya da wannan sakaci kaɗai, wato kalmomin kamfani da ba a canja ba. Wannan kalma ke kaɗai za ki riƙe ta, ki rubuta a littafin da kike ajiyewa tare da takardun gida.

Sai nau'in kulle, a sashen Wi-Fi inda aka rubuta Security. Za ki ga sunaye kamar WEP, WPA, WPA2 da WPA3. WEP tun 2001 aka nuna a karye yake, yau cikin mintoci ake buɗe shi. WPA na 2003 faci ne na wucin gadi. WPA2 ya zo a 2004 kuma har yanzu yana da ƙarfi idan an haɗa shi da AES da doguwar kalma. Kada a zaɓi TKIP, don ban da rauni yana ma rage gudun Wi-Fi ɗin. WPA3 na 2018 shi ya fi, saboda ya toshe waccan dabara ta kama gaisuwa a je a gwada a gida: kowane gwaji sai an yi shi da rautar kai tsaye. Idan rautarki na da shi ki zaɓa. Idan tsohuwar waya ko talabijin ta ƙi haɗuwa, ki koma zaɓin da ya haɗa WPA2 da WPA3.

Kalmar kanta tana karɓar haruffa 8 zuwa 63, kuma tsawo ya fi ƙawa amfani. Kalmomi huɗu ko biyar na Hausa waɗanda ba su da dangantaka da juna, da alƙaluma a tsakani, sun fi gajeriyar kalma mai cike da alamomi da ba wanda zai iya tunawa. Misali irin tsarin "tulu7kwado-asabar-goro42", amma ki ƙirƙiri taki, kada ki ɗauki wannan. Ban da karin magana ko aya ko baitin da kowa ya sani, kuma ki guji haruffa masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, don wasu na'urori ba sa karɓar su.

Daga nan a kashe WPS gaba ɗaya. A kashe Remote Management, wanda ke ba da damar shiga shafin sarrafawa daga wajen gida. A kashe UPnP idan ba mai wasan gem da ke bukatarsa. Sunan Wi-Fi ɗin kada ya zama sunan shago ko naki ko lambar waya. A duba sashen Firmware ko Update a sabunta manhajar cikin rautar, don raunin da ake ganowa, kamar KRACK da aka bayyana a WPA2 a 2017, ta sabuntawar rauta da wayoyi ake toshe shi. A nan a kula sosai: idan dumsor, wato ɗaukewar wuta, ya faɗo ana tsakiyar sabuntawa, rautar na iya mutuwa ba ta sake tashi ba. Idan mai batir ce a cika cajinta tukuna.

Sannan a ɗauke rautar daga kan kantar shago. A kai ta cikin gida, nesa da katangar titi, a ɗora a sama inda hannu ba ya kaiwa. Zangon sigina na 2.4 GHz yana ratsa bango ya yi nisa, 5 GHz kuwa ya fi gudu amma bulo biyu ko uku na raunana shi. Idan duk na'urorinki na ganin 5 GHz, kashe 2.4 kaɗai na iya sa sigina ta kasa kaiwa bencin. Wasu rautoci ma na barin a rage ƙarfin watsawa zuwa rabi.

Ƙofa biyu

Duk abin da na lissafa zai rushe ranar da kika rubuta sabuwar kalmar a wayar yaro. Ba don yaron mugu ba ne. A Zango ba a hana maƙwabci ruwa, yaro kuma ba zai iya kallon abokinsa ya ce masa a'a ba. Ke kanki idan 'yar haya ta ce tana son kiran ɗanta da ke Jamus ta bidiyo, kunya ba za ta bar ki ki hana ta ba. Don haka gyaran da ke ɗorewa shi ne a raba Wi-Fi ɗin gida biyu.

Yawancin rautoci na da Guest Network, wato Wi-Fi na baƙi mai sunansa da kalmarsa daban. Babban ya zama na wayarki, wayar shago da kyamara kawai, ke da hannunki za ki rubuta kalmar, kuma waɗannan wayoyi su kasance da kullen allo, ba a ara wa kowa su. Yara, 'yan haya, baƙi da talabijin duk su hau na baƙi. A cikin saitin na baƙin a tabbatar an kashe damar shiga na'urorin gida, wani lokaci ana rubuta shi Access Intranet ko Allow guests to access local network, a kuma kunna AP Isolation idan akwai, don kada wayoyin da ke ciki su ga juna. Idan rautar na ba da dama, a sa wa na baƙin iyakar gudu, megabit biyu ko uku sun isa WhatsApp da karatu, a kuma ƙayyade yawan na'urorin da za su hau lokaci guda. Kalmar baƙin a riƙa canja ta duk Juma'a ko duk farkon wata. Ta fita ma ba komai, rayuwarta gajera ce kuma ba ta kai ga kayanki.

Ƙananan MiFi na aljihu da yawa ba su da sashen baƙi. A irinsu abin da ya rage shi ne ƙayyade yawan masu hawa daidai da na'urorin gida, da yawaita canja kalma. Idan kuma kina ganin samarin nan kasuwa ce, akwai rautocin MikroTik da ake saita su su riƙa fitar da tikiti, kowa da lambarsa ta awa ɗaya ko ta yini. Wannan sai da ma'aikaci, kuma a fara duba ko sharuɗɗan kamfanin layinki sun yarda a sayar.

Za a ba ki shawarar ɓoye sunan Wi-Fi ko toshe mutane ta lambar MAC, wato lambar shaidar da kowace na'ura ke nuna wa rauta. Ɓoye suna ba ya tare wanda ke da QR, kuma manhajar bincike na fito da shi nan take. Toshe waya ɗaya-ɗaya ma ya rage amfani, don wayoyin yanzu na iya sauya lambar da suke nunawa daga saituna. Wanda ya fi shi ne jerin waɗanda aka yarda wa kaɗai, yana tare talakan mai shan data, amma wanda ya iya aiki zai kwaikwayi lambar wata waya ta gida. Ki ɗauke shi ƙari, ba madadin kalma mai ƙarfi ba.

Maganar WhatsApp da MoMo

A nan ki kwantar da hankalinki, amma ba gaba ɗaya ba. Tun 2016 saƙonni da kiran WhatsApp a kulle suke daga wayar mai aikawa zuwa ta mai karɓa. Wanda ke cikin Wi-Fi ɗinki ba zai karanta su ba. Manhajojin banki da kusan duk manyan shafuka na amfani da HTTPS, wanda kulle ne na biyu a kan na Wi-Fi. Shi kuwa *170# da ake dannawa don MoMo ba ya bi ta Wi-Fi sam, ta layin sim yake tafiya kai tsaye zuwa MTN.

Abin da mai leƙe zai iya gani shi ne sunayen shafukan da ake ziyarta, da lokaci, da yawan datar da ta wuce. A WPA2, wanda ya san kalmar kuma ya kama gaisuwar wayarki zai iya buɗe kullen Wi-Fi na zirga-zirgarki, ya karanta duk abin da ba shi da HTTPS. WPA3 ya rufe wannan. Haɗarin da ya fi girma shi ne wanda ya samu shafin sarrafawa ya canja saitin DNS, ta yadda idan kin rubuta adireshin banki za a kai ki shafin bogi mai kama da shi. Akwai kuma wanda zai kafa Wi-Fi mai suna iri ɗaya da naki, ya fito miki da shafi yana cewa ki sake rubuta kalmar sirri don sabuntawa. Rauta ta gaskiya ba ta tambayar kalmar Wi-Fi a shafin burauza haka kawai. Idan burauza ta yi gargaɗi cewa haɗin ba amintacce ba ne a shafin kuɗi, ki rufe, kada ki danna ci gaba. Kyamarar shago da aka bari da kalmar kamfani ma, duk wanda ke Wi-Fi ɗaya da ita zai iya kallon aljihun teburinki da lokacin da kike ƙirga ciniki.

Kulle rauta ba ya tare hanyar da kuɗin MoMo ke salwanta a zahiri, wato kiran waya daga wanda ke cewa shi ma'aikacin kamfani ne, saƙon bogi na "na turo kuɗi bisa kuskure", ko buƙatar cire kuɗi da ke faɗowa kan allo mutum ya sa PIN ba tare da ya karanta ba. WhatsApp kuma ana ƙwace shi ne ta lambar nan mai alƙaluma shida da ake roƙon mutum ya karanto, ko ta wanda ya riƙe wayar ya haɗa ta da kwamfutarsa. Ki buɗe Linked Devices a WhatsApp ki cire duk abin da ba ki sani ba, ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Idan kin shiga Kejetia ko Adum sayayya kika ga Wi-Fi na kyauta, harkar kuɗi ki yi ta da datar sim ɗinki.

Idan kin ga alamar an wuce shan data, an taɓa saitin rauta ko an yi yunƙurin damfara, dokar Ghana ta mu'amalar lantarki ta 2008, Act 772, ta haramta shiga na'urar wani ba izini, kuma Hukumar Tsaron Intanet da aka kafa ƙarƙashin Act 1038 na 2020 tana karɓar ƙorafi ta lamba 292, kira ko saƙo.

Sunayen saitunan da na ambata suna bambanta tsakanin Huawei, ZTE da TP-Link, wasu rautocin da kamfanonin layi ke sayarwa kuma an ɓoye wasu sassan a cikinsu. Idan kika duba kika ga taki ba ta da abin da ya wuce WEP ko WPA na farko, ko ba ta barin a kashe WPS, saiti ba zai gyara ta ba, sai a sauya ta. Idan kin kira mai gyara ya yi miki aikin, ki tsaya a kansa, kalmar shafin sarrafawa da ta babban Wi-Fi kuma ki rubuta su da hannunki bayan ya gama. Bayan mako guda ki sake buɗe jerin na'urori da ƙarfe goma na dare. Baƙo a ɓangaren baƙi yana nufin lokacin canja kalmarsu ya yi. Baƙo a babban Wi-Fi kuwa yana nufin ɗaya daga cikin wayoyin nan biyu ta shiga hannun wani a buɗe, sai ki canja kullen allonta tare da kalmar Wi-Fi ɗin a rana ɗaya.